Inda Iska Ba Ta Kaiwa

Gaɓar teku, kudu da Dutsen Kamaru
9 ga Maris, 1992

Zuwa ga Yaya Kulsumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Maiwada da yara. Ya azumi? Ya ƙafar Inna, tana barinta ta taka zuwa bakin gulbi? Ni dai lafiya lau, sai gajiyar hanya da har yau ba ta sake ni ba. Kwana shida muka yi kafin mu iso.

Kin ce in ba ki labarin wurin. Ban san sunansa da Hausa ba, ni dai lungun teku nake ce masa. Ƙasa ce ta miƙa hannu biyu cikin teku, ɗaya gabas ɗaya yamma, ta rungume ruwa a tsakani, sannan ga wani ɗan tsibiri ya tsaya a bakin kamar mai gadi. Can waje raƙuman ruwa na ta hauka dare da rana, amma nan ciki ruwan kwance yake kamar gulbin Matan Fada da rani. Shi ya sa masunta suka kafa ƙauye a nan. Sau biyu a yini ruwan yake cika ya janye, ba ruwansa da damina ko rani.

Dutsen wurin baƙi ne ƙirin, ba irin marmarar Dukku da ake fasawa da diga ba. Babban dutsen da ke bayanmu yakan yi aman wuta. A zamanin da, narkakken dutse ya kwararo daga samansa har cikin teku ya daskare, shi ne hannayen nan biyu. Har rairayin baƙi ne kamar garin gawayi. Aikina shi ne in nemo wa kamfani dutsen da za a fasa a gina matsayar jiragen kamun kifi. Kullum ina yawo da guduma, ina ƙwanƙwasa duwatsu kamar mai neman wanda zai buɗe masa ƙofa.

Saƙon Inna yana raina. Amma Yaya, shekara goma sha ɗaya ke nan da Yaya Dikko ya ɗauki tarunsa ya bi gulbi ya yi kudu, kuma abin da muke riƙe da shi kawai maganar mai kifin nan na Yawuri, da ya ce ya gan shi cikin jirgin da za shi Kamaru. Gaɓar nan ba kasuwar Argungu ba ce da za a zagaye ta kafin azahar. Zan tambaya dai, amma kada ki bar ta ta sa rai.

Ƙaninki,
Zayyanu

*

Nasarawa, Birnin Kebbi
11 ga Afrilu, 1992

Zuwa ga ƙanena Zayyanu,

Wa alaikassalam. Wasiƙarka ta iso bayan Sallah da kwana biyu. Muna lafiya, sai ɗiyata Mubina da ta yi ƙyanda ta warke. Ƙafar Inna tana nan yadda ka bar ta, wata rana ta taka, wata rana ta ƙi.

Mu kam tun da aka yanke mana jiha aka kwaso mu daga Sakkwato ba mu zauna daidai ba. Har yanzu ɗaki biyu muke ciki, kayanmu na ɗaure a buhu. A makarantar 'yan matan da aka kai ni, aji uku nake haɗawa a ɗaki ɗaya. Fayil ɗina kuwa, Sakkwato sun ce sun aiko, nan sun ce ba su gani ba. Ran Juma'a in na tashi sai in kama hanyar Argungu, in dawo Lahadi jikina kamar an daka.

Ka sani, Inna ta kafa mini doka. Duk wasiƙar da ta zo daga gare ka ta akwatin gidan waya na Malam, ba ni da ikon buɗewa sai a gabanta. Tana duba bakin ambulan da yatsa ta ji ko an taɓa. Na karanta mata labarin duwatsunka, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, shi wanga yaro dutsi anka tura shi nema ko ɗan'uwa nai?" Layin da ka ce kada ta sa rai kuwa tsallake shi na yi.

Ga saƙonta, yadda ta faɗa: "Ki ce mishi shi tambayi masu jirgi, ba masu takarda ba. Babbanku ba ya zamna inda babu ruwa." Ka san ba ta kama sunansa, ɗan fari ne.

Ka yi ƙoƙari, Zayyanu. Tsufa ya kama ta sosai bana.

Yayarka,
Kulsumi

*

Gaɓar teku
4 ga Mayu, 1992

Zuwa ga Yaya Kulsumi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, ina gaida Inna da jiki. Ina lafiya. Damina ta fara sauka a nan, ruwanta ba irin namu ba ne.

Na bi maganar Inna na tambayi masu jirgi. Yaya, na sami inda Yaya Dikko yake. Yana nan cikin lungun nan da nake aiki, wata biyu ina wucewa ta kusa da shi ban sani ba. Yana kwance a hannun gabas, inda iska ba ta kaiwa. Na je na zauna wurinsa har rana ta yi sanyi, na gaya masa Inna ba ta manta da shi ba. Babu abin da ke damunsa yanzu. Mutanen wurin sun riƙe shi da mutunci.

Sauran bayani yana hanya. Ki bi Inna a hankali da wannan.

Ƙaninki,
Zayyanu

*

Argungu
30 ga Mayu, 1992

Zuwa ga Zayyanu,

Alhamdu lillahi! Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Daga tsakar gidan Inna nake rubuta wannan. Kowa lafiya.

Da na kai wurin da ka ce ka same shi, Inna ta ce, "Sake karanta mini wurin ga." Na sake. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta fito da mabuɗin ɗakinsa. Da kanta ta share, ta hana ni taɓa tsintsiyar. Jiya an zo an yi wa ɗakin yaɓe, an sake jinkar da ta zube. Kafin magariba labari ya gama unguwa. Mata na ta shigowa barka, har Tamba, abokinsa na yarinta, ya taso daga Gulma a kan keke, yana kuka yana dariya, ya ce jirginsa na nan na jiran su biyu.

To amma ka bar mu cikin duhu. Ka ce yana kwance. Wane irin ciwo ne? Tun yaushe? In ba ya iya zama a mota, Malam ya ce zai nemi izini a ofis ya tarye ku ko'ina ka ce. Kada kunya ta hana shi dawowa don ya dawo hannu sake. Ka gaya masa babu wanda zai tambaye shi inda ya shiga. Inna ta ce ragon layyar bana a gabansa za a yanka, saura kwana goma sha biyu, ku yi abin da za ku yi.

Af, na manta. Sun sake ɗauke ni daga makarantar 'yan matan tun farkon watan nan, sun kai ni wata a Ambursa. Kullum a bayan babur. Amma yau ko Kamba suka kai ni ba zan yi ƙorafi ba.

Yayarka,
Kulsumi

*

Nasarawa, Birnin Kebbi
16 ga Agusta, 1992

Zayyanu,

Sallama. Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru, don na rasa abin da zan ƙara gaya wa Inna. Mu muna nan. Gulbi ya cika ya shanye rabin shinkafar fadama, ƙafarta kuma ta kumbura har gwiwa.

Wata biyu da rabi ke nan. Sallah ta zo ta wuce. Sai da rana ta kusa faɗuwa ta yarda aka yanka ragon. Ta soya cinya guda ta zuba a tukunya ta rufe, ta ce rabonsa ne. Yanzu ta mayar da tabarmarta zaure. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta ɗaga kai. Maƙwabta sun daina tambaya, kuma shirunsu ya fi tambayar ciwo.

Na gaji, Zayyanu. Safe Ambursa, yamma Nasarawa, Juma'a Argungu, cikin ruwa da laka, in je kuma in zauna ina ƙirƙiro maka uzuri. Na ce hanya, na ce takardun kan iyaka, na ce aiki. In cewa ya yi ba zai dawo ba, ka faɗa. In mata ce ta riƙe shi, ka faɗa. Kai kana can kana ƙwanƙwasa duwatsu, ni aka bari da idon tsohuwa.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba, har Malam. Shekaranjiya a ɗakin malamai na fito da wasiƙarka na sake karantawa ni kaɗai. Ka ce ka zauna wurinsa, ka ce ka gaya masa. Ban ga inda ka ce shi ya ce ba. Ko kalma ɗaya ba ka kawo mana daga bakinsa ba. Yaya Dikkon da na sani ba a zama da shi yini guda a rasa abin maimaitawa.

Ka rubuto mini gaskiya, don girman Allah.

Kulsumi

*

Gaɓar teku
12 ga Satumba, 1992

Zuwa ga Yaya Kulsumi,

Assalamu alaikum. Wannan na aiko ta ta ofishin Malam Maiwada da sunansa, don ta iso hannunki ke kaɗai. Ina lafiya yanzu, zazzaɓi ya kwantar da ni sati biyu.

Wasiƙunki biyu jiya suka zo tare. Ƙasar gindin dutsen nan toka ce da ta taru, in ta sha ruwa sai ta sulale. Tun watan Yuni gefen tudu ya zubo ya binne hanya, babu shiga babu fita sai ta teku. Da na karanta ta farko na gane ɓarnar da na yi.

Yaya, Yaya Dikko ya rasu. Shekara uku ke nan. Kabarinsa na samu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wasiƙa biyu na rubuta rana ɗaya, a watan Mayu. Tunda kin ce ba ki buɗewa sai gaban Inna, na yi ɗaya mai laushi ta akwatin Malam, wadda za ta fara shirya zuciyarta. Ɗayar, mai cikakken bayani, na aika miki makarantar 'yan mata, har na ba ta kwana biyu gaba don ta riga isa. Ban san an ɗauke ki ba. Na zaci wayo na yi. Da hannuna na sa tsohuwa ta yi wa mamaci yaɓen ɗaki. Ki yafe mini, ni ban yafe wa kaina ba.

Ga yadda abin ya faru. Shekara biyar ya yi a ƙauyen nan, suna kiransa Hausa Dikko. Bakin lungun nan, tsakanin tsibiri da hannun yamma, ƙunci gare shi. In ruwa na janyewa sai duk ya matsu ta nan ya fita da ƙarfi, ya ci karo da raƙuman waje. Wata rana injin wani jirgi ya mutu a daidai wurin, da mutum huɗu a ciki. Yaya Dikko ya fita da nasa ya jefa musu igiya. Su huɗun sun tsira. Nasa jirgin ya kife a kan dutse. Ruwan lungun zagayawa yake yi, duk abin da ya ɗauka a baki sai ya ajiye shi a kusurwar gabas. Can suka je suka jira shi, washegari da hantsi ya iso.

Ya rasu ya bar mata, sunanta Enanga, 'yar ƙauyen ce, tana ƙyafa kifi. Wani malami a gari ya ɗaura musu aure. Ya bar ɗiya 'yar shekara shida. Sunan Inna ya sa mata, Maimuna. Da na fara ganinta tana tsugune tana wanke kwano, nan take na gane ta, don goshin nan na gidanmu ne. Ba ta jin Hausa sai "sannu" da "zo nan."

Akwai wata wahalar kuma. Duk duwatsun da na gwada, babu mai ƙwarin na hannun gabas, kuma a kansa kabarin yake. Shi kamfani ke so a fasa. Na rubuta a rahotona cewa hannun nan shi ke tare iskar damina, in aka rage tsayinsa raƙuman ruwa za su shigo har inda ake ɗaure jirage. Gaskiya ce na rubuta, na auna na sake aunawa. Amma na gaya wa shugabanmu cewa ɗan'uwana na kwance a wurin, don kada ya ji a bakin wani ya ce son zuciya ne. Ya dube ni ya ce zai sa wani ya sake lissafin. Ina jira.

Yadda za ki gaya wa Inna, ban sani ba. Na riga na nuna ban iya ba.

Ƙaninki,
Zayyanu

*

Nasarawa, Birnin Kebbi
10 ga Oktoba, 1992

Zuwa ga ƙanena Zayyanu,

Wa alaikassalam. Allah ya ƙara sauƙi, ya jiƙan Yaya Dikko, ya sa ruwan nan ya zame masa shahada. Muna lafiya gwargwado. Na yafe maka. Ni ma da na tsaya na karanta da hankali kafin in ɗaga murya, da ba a kai nan ba. Abin da nake so in gani shi na gani.

Na je tsohuwar makarantar. Wasiƙarka na nan cikin wani kwali a bayan ƙofar ofis, tare da na sauran malaman da aka watsa. Gara ta ci gefe ɗaya.

Sati biyu ina ɗauke da maganar. Na je Argungu na dawo ban faɗa ba. A zuwa na biyu, bayan la'asar, na same ta tana tsince shinkafa a faifai. Na zauna, na ce, "Inna, Zayyanu ya rubuto." Ta miƙo hannu ta shafa ambulan, ta ji a buɗe yake. Ta ajiye faifan. Ta ce, "Faɗi."

Na faɗa mata duka, har mutum huɗun. Ta daɗe tana salati a hankali. Sannan ta ce in ɗauko tukunyar naman nan in raba wa maƙwabta sadaka, in kuma kai wa Tamba mabuɗin ɗakin ya zuba tarunsa a ciki, kada yaɓen ya tafi a banza. Ba ta yi kuka a gabana ba. Matan da suka zo barka su suka dawo gaisuwa, kwana uku ina zaune cikinsu na kasa ɗaga ido.

Malam ya ce ya kamata a ɗauko yarinyar ta tashi cikin danginta. Inna ta ce, "A'a. Ba a raba ɗiya da uwatta, ni na san abin da ke ciki. Zayyanu dai shi kawo min hotonta in gani." Ta ba ni zane ɗaya da 'yan kunnenta na azurfa, za mu aiko in an sami mai zuwa.

Maganar fasa dutse ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba sai ka ji ƙarshenta.

Abu ɗaya ke hana ta sukuni. Ta tambaye ni sau uku, ta ce in rubuta da bakinta: "Mutanen ga ba Musulmi ba ne. Wa ya yi mishi wanka? Wa ya sallace shi? Ina sunka juya huska tai? Ka ce kai ka san gabas da yamma na ƙasa, to ka tai ka duba min." Na ce mata ko yaya aka sa shi Allah ya san bawansa. Ta ce ta sani, amma a duba.

Ka amsa wannan da wuri, ka kuma amsa shi a fili, ba lauje cikin naɗi.

Yayarka,
Kulsumi

*

Gaɓar teku
8 ga Nuwamba, 1992

Zuwa ga Yaya Kulsumi, a karanta a gaban Inna,

Assalamu alaikum. Inna, ina gaishe ki, ina yi miki gaisuwar rashi, ina neman gafararki. Yaya, ina gaida Malam da yara. Jikina ya yi ƙarfi, ruwa ya ɗauke, an buɗe hanya.

Da farko, akwai maganar da Yaya ta sani, ta wani aiki da aka so yi kusa da kabarin. Ta mutu. Wanda aka sa ya sake lissafin ya sami abin da na samu, za a ɗebo dutse daga wani wuri can cikin tudu. Babu mai taɓa inda yake.

Na je na tambaya yadda kika ce, Inna. Lokacin da abin ya faru damina ce, hanya a rufe, babu halin kiran malami daga gari. Musulmi ɗaya ne a ƙauyen ban da shi, wani tsoho mutumin Mali mai gyaran taru, Malam Abdussamadu, wanda idonsa ya riga ya tafi. Yana nan da rai, na zauna da shi. Shi ya yi masa wanka da hannunsa, yana lalube, mutum huɗun nan suna zuba masa ruwa. Enanga ta ba da farin yadin da ta ajiye. Shi kaɗai ya tsaya ya sallace shi, duk ƙauyen na tsaye a bayansa shiru.

Da aka zo haƙa, tsohon ya ce a kwantar da shi a kan damansa ya dubi alƙibla, amma shi ba ya gani balle ya nuna. Sai ɗaya daga cikin huɗun ya ce su sun sani. Akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse a wurin, inda Yaya Dikko ke sallah in ya dawo daga ruwa. Shekara biyar suna ganinsa daga cikin jiragensu. Ɗayansu ya hau dutsen ya tsaya yadda yake tsayawa, sauran suka ja layi a ƙasa da sanda. Wurin toka ce tsakanin duwatsu, ta haƙu da sauƙi, suka jera baƙaƙen duwatsu a kai.

Jiya da safe na tafi da kamfas ɗina na aiki, mai nuna gabas da yamma, Maimuna na biye da ni tana riƙe da jakar. Na aza shi a kan kabarin, na auna sau uku. Daga nan alƙibla tana arewa maso gabas, ta gefen kafaɗar babban dutsen. Abin da suka kauce bai kai faɗin yatsa biyu ba, ko masallacin unguwarmu ya fi haka kaucewa.

Hoton yana cikin ambulan. Ba ta yi murmushi ba, tsoron mai hoton take ji. Ina tafe da yardar Allah in an rufe aiki a ƙarshen Disamba.

Inna, daidai yake kwance.

Ɗanki,
Zayyanu